Ruwan Goggo da Ƙafata ta Dama

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Wani ma ya turo yana tambaya ko na sayar da babur na gudu Legas. Ban je ko'ina ba. Ina kwance ne ina roƙon Allah kada a yanke min ƙafa.

Ga wanda bai san ni ba, Sabi'u ne, ɗan acaba a Kafin Maiyaki. Ƙafar dama ita ce jarina. Da ita nake buga kik, da ita nake taka birki.

Da damina abin ya fara. In na kwanta sai tafin ƙafafuna su hau zugi kamar ana tsira min allura. Barci ya ƙaurace min. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama. Na ce gajiyar hanyar Ɗansoshiya ce. Har ran da gyangyaɗi ya kwashe ni da fasinja a baya, muka zube cikin ciyawa.

Wani abokina ya ce in riƙa tsoma ƙafa a ruwan ɗumi da yamma, yana sauke ciwo, yana kawo barci. Na faɗa a gida, Goggo Tabawa tana nan. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni, kuma ita ce ungozomar unguwarmu. Duk mai jego a wajen nan ta sha ruwan zafi a hannunta.

Ta ce, "Ruwan ɗumi kuma? Na jarirai ke nan. Ruwan da bai ciji fata ba ina zai iske ciwo? Bari in yi maka na masu jego."

Ta tafasa shi da ganyen darbejiya, ta ɗan sirka, na zura ƙafafu a baho.

"Da zafi?"

Na ce, "Ko kaɗan."

Ta ƙara tafasasshe ta ɓangaren dama. "Namiji ke nan!"

Matata Hadiza ta taɓa bakin bahon ta janye hannu da sauri. "Goggo, anya kuwa?" Ni kuwa sai washe baki nake, wai ni jarumi.

Da safe fatar ƙafar dama ta salɓe. Ba ciwon ne ya tsorata ni ba. Abin da ya firgita ni shi ne ina kallon naman ƙafata jajur, amma ban ji komai ba.

Muka yi ta shafa zuma. Sai zazzaɓi, sai wari, babban yatsa ya yi baƙi. A asibiti a Tudun Wada aka huda min yatsan hannu aka auna jini. Nas ta kalli na'urar, ta kalle ni, ta kira abokiyar aikinta. Ciwon suga. Aka tura mu Kano.

Can likita ya ce in rufe ido zai taɓa tafin ƙafata, in na ji in faɗa. Na gaji da jira na ce, "Likita, a fara mana."

Ya ce, "Ai mun daɗe da farawa."

Na buɗe ido na kalle shi.

"Malam Sabi'u, suga ya lalata jijiyoyin da ke jin zafi. Za mu cire yatsan. In ciwon ya tsaya nan, alhamdulillah. In ya hau, dole mu bi shi."

Mu bi shi. Na waiga gadon kusa da ni, wani dattijo ne daga Riruwai, tasa ƙafar a gwiwa ta tsaya.

Bayan tiyata nas ta zagaye jan da ke bayan ƙafata da biro. Ta ce in jan ya ƙetare layin, akwai magana. Wallahi ban taɓa jin tsoron wani abu kamar layin biron nan ba. Kullum za a kwance bandeji, sai in kafa wa layin ido. Ina tuna yarana, ina tuna babur jingine a zaure. Masarar da muka ajiye don ci ta tafi a allurai da wankin ciwo. Na yi kuka a gaban Hadiza, ban ji kunya ba.

Jan bai ƙetare ba. A hankali ya ja da baya.

Ranar sallama na ce ni da ruwan zafi har abada. Likita ya yi dariya. Ya ce wanka da ruwa mai ɗan ɗumi kafin kwanciya zai saki min baya, ya taimaka min da barci. Amma ban da jiƙa ƙafa, kuma a gwada ruwan da gwiwar hannu, ba da ƙafata ba.

Na dawo gida kowa ya zo dubiya, ban da Goggo. Hadiza ta ce ta kife tukunyarta, ko gidan haihuwa aka kira ta ba ta zuwa. Na dogara sanda na je. Ta kasa haɗa ido da ni.

Na ce, "Goggo, ni da ƙafar ke jikina ban ji ba. Ke ta yaya za ki ji?"

Ta fashe da kuka.

Washegari da yamma ta zo ta ɗora ruwa. Ta sirka, ta sake sirkawa, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu, ta daɗe.

"Wannan ai na jarirai ne," in ji ta.

Na ce, "Shi nake so. Ba da shi kika fara min wanka ba?"

Ranar sai da Hadiza ta tashe ni sallar asuba.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza, da ma'aikatan asibiti, da 'yan'uwana masu babur da ba su bar gidana da yunwa ba.

Jama'a, in kuna yawan ƙishirwa da fitsari, ƙafa na zugi ko ta mutu, ku je a auna suga. Ruwan ɗumi yana da amfani, amma ɗumi aka ce. Mai suga kada ya yarda da abin da ƙafarsa ta gaya masa, ya duba ta da ido kullum.

Jiya na fito da babur. Na daɗe tsaye ina kallon kik. Na yi bismillah na taka da yatsu huɗun da suka rage. Ya tashi.

Goggo na fara ɗauka. An yi haihuwa a bayan kasuwa.