Takardar Kifin Yaya

Yayana ya yi shekaru yana tuƙa wani ɗan China mai aikin hanya a wajen Kontagora. Da mutumin zai koma ƙasarsu, bai bar masa mota ko babur ba, sai kifi. Kifi ɗaya tak, ja, mai tsawon kamu guda, cikin akwatin gilashi da sai da ƙarti huɗu suka shigo da shi gida. Na yi ta tsokanarsa, na ce kowa ubangidansa na sallamarsa da abin arziki, shi an sallame shi da abin miya. Ya ce ranar da ya gan ni kusa da gilashin nan da cokali, zumunci ya ƙare.

Ya ɗauki son duniya ya ɗora wa kifin nan. Ya sa masa ƙaramar sola saboda injin da ke hura iska a ruwan, ga shi ƙato da gemu amma yana bin ciyawa yana kamo masa fara. Idan zai ba shi abinci, sai ya taɓa saman ruwan da yatsa sau uku, kifin ya taso ya karɓa daga hannunsa. Ya taɓa ce mini kifin yana da takarda. Ina kan keken ɗinki a lokacin, na ce to a sa shi makaranta mana. Ban tambayi inda ya ajiye ta ba.

Ciwon kwana biyar Yaya ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Bai bar mata ko ɗa ba, sai ni da Inna, mahaifiyarmu. Bayan arba'in Inna ta ce ba za ta iya ganin tufafinsa a rataye ba, muka naɗe su muka raba wa dangi sadaka. Babu wanda ya sa hannu a aljihu ko ɗaya. A gidanmu laluben aljihun mamaci abin kunya ne, sai a ce kana neman abin da ya bari.

Inna, wadda da take cewa kifin yana mata kallon raini, ita ta gaji kiwonsa. Kullum da hantsi takan ja kujera ta zauna gaban gilashin, ta taɓa ruwan sau uku. Idan ya taso sai ta ce, "Ka kwana lafiya?" Na san ba da kifi take magana ba, sai in fita in ba su wuri.

Wata rana maƙwabcinmu, ma'aikacin gandun daji, ya kawo ɗinki ya hango kifin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni waje.

"Tela, irin wannan kifin ya kusa ƙarewa a ƙasarsu. Doka ba ta yarda a riƙe shi ba sai da takardar da ta nuna a gona aka ƙyanƙyashe shi, ba daga daji aka kamo ba. Idan babu, ana iya karɓe shi. Ka nemo takardar a hankali, babu mai korarka."

Mutumin kirki ne, shawara ya ba ni. Amma ni Allah ya yi ni da saurin hawa. "A karɓe" kawai na ji. Na birkice ɗakin Yaya, na ɗaga katifa, na zazzage akwati, ban ga komai ba. Na fito tsakar gida ina faɗa, ina cewa ya tafi ya bar mana abin da zai kai ni kurkuku. Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Ɗa ɗaya ya tafi, ba za a ɗauke mini ɗayan ba," in ji ta. "Ka kai kifin ruwa. Allah ya sa sadaka ce ga yayanka."

Washegari da safe na sa shi a babban baho, na rufe da zane, na ɗora a mota zuwa bakin dam. Na tuntsurar da bahon a hankali. Ya yi gaba kaɗan cikin ruwan laka, ya tsaya. Da na sunkuya ina wanke hannu, sai ga shi ya dawo ya kafa baki a yatsuna. Na kore shi, ya dawo. Sau uku muna haka, daga ƙarshe na watsa masa ruwa da ƙarfi na juya ban waiwaya ba. Kifin da ke zuwa wa duk hannun da ya taɓa ruwa, na san ba zai kai la'asar ba a wurin da masunta ke jefa taru. Na yi kuka a motar nan kamar ranar jana'iza.

Da maƙwabcin ya ji, ya riƙe kai. Ya ce sakin baƙon kifi a ruwanmu shi ma ɓarna ne, me ya hana ni zuwa in same shi?

Bayan babbar Sallah kawunmu na Salka ya zo. Shi aka ba farar babbar rigar Yaya, bai kuwa sa ta ba sai ranar idi. Ya miƙo mini wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce a aljihun ciki ya same ta, ya ga hoton kifi ya ce ko tana da amfani. Maƙwabcin ya karanta, ya ce ita ce, da hatiminta da lambarta. Da tana hannu, babu mai taɓa kifin.

Inna ta karɓa ta shafa hoton da yatsa, ta sa takardar cikin gilashin da ya bushe. Har yau tana nan. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, duk wanda ya tambaya sai ta ce ita ta sa a kai shi. Amma ni na san dalilin da ya sa ta faɗa. Maƙwabcinmu bai taɓa ambaton kurkuku ba. Daga bakina ta ji shi.