Ranar da Yaya Haladu Ya Raba Kwano

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haladu, kuma ban taɓa zama na rubuta komai a kanshi ba sai bana. Ni tela ne a Batsari, karatuna bai wuce firamare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda zancen zai fito. Murna ce ta zaunar da ni. Makon jiya malamar asibiti ta soki yatsana, ta duba 'yar na'urar gwajin suga, ta ɗago ta ce, "Malam Sale, karo na uku ke nan a jere da sakamakonka ya yi kyau. Ci gaba da abin da kake yi." Na fito ina gaishe da mutanen da ban sani ba. Ban hau mashin ba, a ƙafa na taka har shago, ina ta neman wanda zan fara faɗa wa. Sai na ga mutum ɗaya nake so ya ji, kuma shi ne wanda ba ya nan.

Yaya Haladu manomi ne a Wagini, inda aka haife mu. Gero, dawa, wake, da bijimai biyu na huɗa, su ne duniyarshi. Ya girme ni da shekara takwas, kuma bayan rasuwar babanmu shi ya riƙe gidan. Shi ya kai ni Batsari koyon ɗinki. Duk Juma'a nakan rufe shago in tafi gida, in kwana biyu in dawo.

A gidanmu maza akushi ɗaya suke ci. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, a fito da tuwo, duk wanda ya zo wucewa a ce ya sa hannu. A wurinmu mutum uku ne ke cin abinci shi kaɗai: marowaci, mai fushi da 'yan'uwanshi, da mai ciwon da ake gudu. Sai an san wannan za a gane nauyin abin da ya biyo baya.

Ciwon ya fara mashi da ƙishirwa. Yana shan ruwa kamar wanda ya yini a rana, yana yawan fita fitsari, jiki na zubewa alhali yana ci. Matarshi Hajara ce ta lura kiyashi na taruwa inda yake tsugunnawa a bayan danga. Aka kai shi Katsina, aka ce ciwon suga ne. Suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ya rage tuwo, ya ƙara ganye da wake, ya san iyakar abin da yake ci a kowane zama.

Juma'ar da ta biyo baya na iso na tarar da sabon abu. An fito da akushi kamar kullum, sai ga wani ɗan kwano daban an ajiye gaban Yaya: malmala ɗaya ƙarama, miya da yawa, da kwaɗon zogale a gefe. Yana zaune a kan tabarmarmu, gwiwarshi na taɓa tawa, amma hannunshi na cikin kwanonshi. Akwai maƙwabta uku a wurin. Na ji kamar an mare ni a gabansu.

"Yaya," na ce, "ko hannunmu ne ya fara yi maka ƙazanta?"

Ya ce, "Sale, a akushi ban san abin da na ci ba. Hira na tafiya, hannu na tafiya. A nan kuwa in ya ƙare ya ƙare."

Na ce, "Baba har ya koma ga Allah bai raba kwano da kowa ba. Mi muka yi maka?"

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ƙarasa cin abincinshi ya tashi. Washegari aka fito da akushi babu ɗan kwanon, ya matso ya sa hannu tare da mu. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka na gyara zumunci. Har turo mashi tuwo nake yi ɓangarenshi ina cewa ya ƙara, ya rame da yawa. Wannan shi ne laifina na farko.

Na biyu ya fi shi muni, domin da sunan ƙauna na yi shi. A tunanina, tunda sunan ciwon suga, to sukarin kanti ne ke kawo shi, farin nan na cikin kwali. Zuma kuwa da mazarƙwaila namu ne na gado, ba za su cuci kowa ba. Saboda haka duk Juma'a tsarabata gare shi ita ce mazarƙwaila, in sa a dama mashi fura a marmasa a ciki, in zauna in ga ya sha.

Wata rana ya yi ƙoƙarin nusar da ni. Ya ce kakanmu, wanda aka haifa kafin Turawa su zo Katsina, ya ba shi labarin wani falke a yankinmu da ya yi irin wannan ciwon, har kiyashi na bin fitsarinshi. Ya ce, "Zamanin nan Katsina na ƙarƙashin Sakkwato, ba kanti, ba sukarin kwali. To shi mi ya sha?" Na ce wannan labarin tsofaffi ne. Ya dube ni, ya ɗauki ƙwaryar ya sha. Babba ba ya mayar da tsarabar ƙanenshi, ni kuma na san haka, kuma da hakan na yi amfani.

Shekara uku aka yi a haka. Da kaka, wajen roron wake, ƙaya ta shige shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da ƙafar ta kumbura. Miki ya ƙi warkewa. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin Wagini da Katsina, idanunshi ma suka fara dushewa, har Allah ya karɓi abinshi. Rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma babu likitan da ya nuna ni da yatsa. Na yi kuka kamar kowa, na karɓi gaisuwa, ban san ina da hannu a komai ba.

Sai shekara uku da suka wuce na kasa zura zare a kafar allura. In kawo ta kusa, in kai ta nesa, in fita rana, duk ɗaya. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Tela in ya rasa ido ya rasa komai, ga iyali mutum tara a wuyana. Da aka gwada aka ce ciwon Yaya ne ya same ni, na yi saurin cewa ai ni ba na shan sukarin kanti, sai zuma da mazarƙwaila. Malamar ta ajiye bironta ta ce jini bai san bambancinsu ba, har rake ma haka, kuma tuwon kanshi in ya yi yawa suga yake komawa a jiki. Ban ji sauran bayanin ba. Ƙwaryar furar nan kawai nake gani a hannun Yaya.

Zan so in ce tun ranar na gyaru, amma ƙarya ce. Shekarar farko munafunci na yi. In na je Wagini sai in ci ɗan abin da aka auna mani a cikin gida, sannan in fito in sa hannu a akushi don kada a ce wani abu. Ni da na kunyata wani a kan raba kwano, da wane ido zan raba nawa? Ashe sau biyu nake ci. Sakamako ya ƙi sauka, ganina ya ƙara hazo, har na fara mayar da ɗinkin da ke buƙatar aikin hannu. Malamar ta ce in zaɓa, ko kunyar mutane ko idanuna.

Juma'ar nan na sa aka fito mani da kwanona a gaban kowa. Ɗan baffanmu Iro, wanda yake wurin ranar da na yi wa Yaya magana, ya leƙa kwanon ya leƙa fuskata.

"Tela," ya ce, "ko hannunmu ne ya fara yi maka ƙazanta?"

Kalma ɗaya bai canza ba. Na ce, "Faɗi, Iro. Na cancanci fiye da haka." Na ba su labarin duka, har da mazarƙwailar. Sai Iro ya ce to in ɗan matso da kwaɗon ya ɗanɗana, ya ga ko abincin marasa lafiya ya fi na masu lafiya daɗi.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa, kuma nan ne nake so mai karatu ya taya ni murna. Ƙwayoyina ba na tsallakewa. Da safe wake ko ƙwai, da rana kwaɗon rama ko zogale, da yamma malmala ɗaya ƙarama ta tuwon dawa da miya mai yawa. Fura ina sha kaɗan, ba zaƙi. Lemon kwalba mun rabu. Mashin ɗina na bar shi a gida, a ƙafa nake zuwa shago in dawo, kuma kowace safiya sai na duba tafin ƙafata kafin in sa takalmi. Wandona sau biyu ina rage mashi ƙugu da kaina. Wata safiya na ɗauki allura ban yi tunani ba, zare ya wuce karo ɗaya. Na zare shi na sake zurawa, na sake, har maƙwabcina mai gyaran rediyo ya tambaya ko lafiya. Ciwon bai warke ba, an gaya mani ba ya warkewa, zama da shi ake koya. To na koya, kuma ina ɗinki.

Sau da yawa ina tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. 'Yar na'urar nan za ta burge shi, shi da sai ya yi tafiyar yini guda kafin a gaya mashi halin da jininshi ke ciki. Zai yi dariya in ya ji dattawa a majalisa suna tambayar juna sakamakon gwaji kamar farashin gero. A kan tabarmar ƙofar zaurenmu yanzu mu uku ne masu kwano daban, har da Iro da shi ma ciwon ya same shi, kuma ba wanda ya daina gaishe da wani. Amma na san ranshi zai ɓaci in ya ga matasa ba sa iya cin taliya sai da lemon kwalba, su kuma yini a kan mashin ba su taka ko zango ɗaya ba. Ba zai yi faɗa ba. Bai iya faɗa ba, kuma wannan ne ya cuce shi.

Abu ɗaya ya rage mani, shi ne Hajara. Bayan takaba ta koma wurin danginta a Babban Duhu, kuma duk ziyarar da nake kai mata ban taɓa buɗe wannan zancen ba. Shekaranjiya na tafi. Muka gaisa, gida, yara, damina, shanu, har ta gaji ta ce, "Ɗan Tela, wannan ramar ta gayu ce ko matarka ce ta daina dafa maka?" Tsakanina da ita dama akwai wasan matar wa da ƙanen miji. Na ce yau ba wasa ya kawo ni ba, gafara na zo nema. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Na sani tun lokacin. Na ce mashi ya hana ka kawo abin nan. Ya ce, Sale ba mugu ba ne, bai sani ba ne, in na ƙi sha zai ji kunya ya daina zuwa Juma'a." Ta goge ido da bakin mayafi. "Zuwanka ya fi so."

Ban yaba wannan zaɓin nashi ba, kuma ba na so kowa ya yi koyi da shi. Da ya kore ni da mazarƙwailata, na yi fushin wata guda na dawo, wataƙila da yanzu muna zaune tare muna gardamar wa ya fi wani kiyaye baki. Gonarshi an raba, bijiman an sayar tuntuni. Abin da ya rage nashi a wurina shi ne ya riga ni sanin gaskiya da shekaru, ya gwada bin ta a gaban mutane, ni na hana shi, kuma yau da ita nake gani. Duk wanda ke da mai wannan ciwo a gida, in ya ce an hana shi abu, a bar shi. Kada a ce ya ɗan taɓa, kada a ce don ni. Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yafe mani.

Da zan tashi Hajara ta ce ta yafe, ta kuma ce in tsaya. An sa bikin autarsu Rabi bayan kaka.

"Ka riƙe idanun nan da kyau," ta ce. "Ubanta ba ya nan, kayan bikinta kuwa ba wani telan da zai taɓa su sai kai."

Na ce ta aiko da awo.