Bayaraben da Ya Karɓe Ni Daga Hannun Baba

Da muka gama ƙaramar sakandare a Sabon Birni, aka ce kowa ya zaɓi ajin da zai shiga: na kimiyya, na kasuwanci, ko na tarihi da sanin zaman jama'a. Zaɓin a baki ne kawai, don sai uba ya yarda. Ni kimiyya nake so har cikin raina. Baba kuwa ya riga ya yanke: kasuwanci. Fataucin wake da gero yake yi tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, kuma ni ne babban ɗansa.

Baba ba a mayar masa da magana. Kawuna ya gwada, ya fito yana share gumi. Inna ta ce in yi haƙuri. Na yi, amma ba da son raina ba.

Malaminmu na lissafi da kimiyya Bayarabe ne, gajere mai sanƙo. Hidimar ƙasa ta kawo shi, ya ƙi komawa, har Gobirci ya zauna a bakinsa. Ɗakin gwajinmu ba komai a ciki sai jemagu da karyayyun kujeru, don haka bakin rijiya yake kai mu, ya sa mu ja guga da hannu, mu sake ja ta kan ƙarfen ƙafar keke da ya rataya, sannan ya tambaye mu ina wahalar ta tafi. Ban taɓa ganin mai koyarwa irinsa ba. Ko ɗan ajin da ya fi kowa taurin kai, sai ya fita da wani abu.

Shi ya lura na yi sanyi. Da na gaya masa dalili, cewa kawai ya yi, "Babanka Bagobiri ne, ko? To, da sauƙi."

Tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a faɗa wa juna abin da aka ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Ranar kasuwa ina rumfar Baba ina ɗinke buhu, sai ga Malam. Bai jira an ce bismilla ba, ya zauna a kan buzun Baba, ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Sannan ya ce wa Baba:

"Bawana, tashi ka gaida ubangidanka."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Wa yak kwance Bayarabe da sahe haka? Manja na yaƙ ƙare?"

Maƙwabtan rumfa suka fara matsowa suna dariya.

"Abina niz zo amsa," in ji Malam. "Ɗan bawa na ubangida na. Yaron ga kimiyya za shi karanta. Kai dai ban ga abin da kaka yi da kanka ba sai taurinai. Yaron ga ya hi ka ƙwaƙwalwa, kuma ka sani."

Dariyar ta ɗauke. A duk garin ba wanda ya isa ya faɗa wa Baba haka. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, zanen fuskarsa ya ƙara fitowa. Sai dai ba halin fushi a gaban mutane. Ya dubi buhunan, sannan ya yi magana a hankali, da muryar da ban san shi da ita ba.

"In na ba ka shi, wa za shi kama mani hanya? Gwiwata ta hwara gazawa."

Ban taɓa sanin haka ba. Ashe ba taurin kai ba ne kaɗai.

Malam ya ajiye kofin. Mutumin da bai taɓa rasa amsa a gaban allo ba ya ce, "Wagga ban da amsatta. Ba ni yi maka ƙarya. Abin da nis sani dai, barinai asara ta."

A ranar girmansa ya ƙaru a idona. Da ya so, da ya yi wa Baba alkawuran banza.

Baba ya yi 'yar dariya. "Ashe akwai lissahin da ba ka iya ba. Ɗauke shi. In ya hwaɗi, kai za ni ɗora ma buhu har Maraɗi."

Na shiga ajin kimiyya, kuma ban faɗi ba. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne safiyar tafiyar Baba ta gaba. Na bi shi tasha da kayan makaranta a jikina, na kai hannu zan kama masa buhu, ya buge hannun.

"Kai na Bayarabe na yanzu. Tai makaranta."

Na tafi, ina waiwaye. Ya ɗaga ƙafa zai hau bayan motar, gwiwar ta ƙi. Ya dafa ƙarfe ya sake gwadawa, bai kira ni ba.