Takalmina ne a gida

Shekarun baya, bayan na gaji da yawo da takardu, na samu aiki da wani kamfani da ke Abuja. Amsa saƙonnin masu sayayya ne, kuma ba sai na je ko'ina ba. Daga ɗakina a Lokuwa nake yi, da kwamfuta da 'yar sola, takwas na safe zuwa huɗu.

A gidanmu ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aiki. Ƙato yana zaune da gajeren wando, fanka na kaɗa masa, wane irin aiki? Sai na zama na kowa. Suna, gaisuwar mutuwa, kai mara lafiya asibiti, duk magana ɗaya ce: "A kira shi, ai yana gida." Ni kuma ga kunya, bakina bai iya a'a ba.

Wata Talata da damina kawuna ya zo, wai in raka buhunan taki zuwa gonarsa a Sahuda. Na ce, "Kawu, ina da mitin ƙarfe goma."

Ya leƙa ɗakin. "Da wa? Ni ban ga kowa ba."

Haka na hau keke mai ƙafa uku tare da buhunan. A hanya ruwa ya sauko, muka maƙale a taɓo, waya ba sabis. Sai bayan azahar na dawo, jiƙe sharkaf.

Shugabata ta kira. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Wannan karo na uku ke nan. In aikin bai yi maka ba ka faɗa, akwai masu jira."

Mahaifiyata ta ga ban taɓa tuwo ba, ta tambaya, na gaya mata. Washegari sai ga ta da tabarma da kwaryar gyaɗa, ta shimfiɗa a gefen ɗakina. "Yi abinka, gani zan yi."

Tana ɓare gyaɗa tana kallo. Ta ji wani ya zage ni ta waya a kan kayan da ba ni na ɓatar ba, ni kuma ina ba shi haƙuri. Ta ga shayina ya huce ban sha ba. Salla kawai ta tashe ni. Da huɗu ta yi ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ashe a zaune ma ana shan wuya."

Bayan kwana biyu kawu ya dawo da wani aiken. Ina jin su shi da mahaifiyata daga ciki.

"Yana wurin aiki," in ji ta. "Sai la'asar yake tashi."

"Haba Yaya, ga takalminsa a bakin ƙofa."

"Takalmin ne a gida. Mai shi yana wurin aiki."

Kawu ya yi wata guda yana amsa gaisuwata ciki-ciki, daga baya ya huce. Aikin kuwa na yi shekara uku a kansa kafin na koma wani.

Yanzu a unguwarmu masu irin aikin nan sun yi yawa, ba wanda ke mamaki. In na tuna sai in ga ban taɓa zaunar da kowa na nuna masa abin da nake yi ba, haushi kawai nake ji a ciki. Ita ce ta zo da tabarmarta ta gani da idonta. A'ar da na kasa faɗa da gemuna, tsohuwa ce ta faɗa a madadina.