Hannun Gwadabe

Duk wanda ya san Mandawari ya san Ɗahiru Mikail, mai buga wa mutane takardu a zauren gidansu. Dogo ne, ga tsoro, ko kyanwa ta yi tari sai ya hau salati. Sana'ar ma gadonta ya yi daga yayansa Gwadabe.

Shi Gwadabe shan inna ta taɓa masa hannun dama tun yana yaro. Da ya sayi tsohuwar kwamfutarsa, wadda ba ta nuna komai sai baƙin allo da farin rubutu, ya zauna ya sauya wa haruffa wuri, ya tattaro waɗanda aka fi dannawa ɓangaren hagu, ya ƙara wa rubutun girma. Ka danna wannan, wancan ya fito.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Ɗahiru ya hau kujerar. Ya sha wuya kafin ya gane kan abin, kuma da hagu ya gane shi. A hankali hannun dama ya koma kan cinya a lanƙwashe, kafaɗa ta karkace. Wata rana mahaifiyarsu, Hajiya 'Yardada, ta leƙo da kwanon fura ta ce, "Gwadabe, ga..." Sai ta ajiye kwanon, ta koma ciki. Tun daga ranar ba ta bi ta zauren sai ya tashi aiki.

Wannan ya sa ya kinkimi kwamfutar zuwa wurin Sa'adiyya mai gyara a Ƙofar Ɗan Agundi.

Ta tarbe shi da dariya. "Malam Ɗahiru, aljanar taka ka kawo mana?"

"Malama, ki mayar da ita irin ta kowa. Hajiya ta kasa kallona."

"In adana maka tsarin marigayin?"

"Goge shi."

Ta shiga baƙin allon, ta zaɓi tsarin da kowa ke amfani da shi, ta rage girman rubutun. "To, buga sunanka mu gani."

Ya ɗora hannu biyu. Na dama ya zame ya koma cinya. Na hagu ya ruga inda ya saba, allo ya cika da shirme. Ya sake, haka dai. Sa'adiyya ta daina dariya.

Yanzu Ɗahiru koyo yake tun daga farko, da yatsa ɗaya na dama, ya danne hagun a ƙarƙashin cinya. Takarda ɗaya sai ta ci masa wuni, masu jira suna tambayarsa ko su je su yi azahar su dawo. Hajiya ta koma bi ta zauren. Da sauri take wucewa, idonta a ƙasa.