Sallar da Na Faɗi a Bakin Murhu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a babban gidan su maigidana a Ƙofar Atiku, idan Babbar Sallah ta zo ni ce mai murhu. Gida ne na malamai, baƙi ba sa yankewa. Maza su yanka raguna, su feɗe, su jera su a jikin itace su kewaye wuta a ƙofar gida, abin da muke kira tareni. Duk abin da ya rage kuwa namu ne na mata: wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafa, tuwon baƙi, sannan suyar da ba ta ƙarewa. Na ce namu, amma gaskiyar magana nawa ne. Sauran matan gidan kowacce da uzurinta, wata hayaƙi na tayar mata da ciwon ƙirji, wata tana goyo, wata hannunta da sabon lalle. Ni ɗiyar manoma ce, daga ƙauye aka kawo ni, sai aka yanke cewa jikina na aiki ne.

Kuma kada ku ce ban ji daɗin hakan ba. Idan surukata, wadda muke kira Hajiya, ta ce a gaban mutane, "Suyar wagga yarinya ko ta shekara ba ta lalacewa," sai in ji kamar an naɗa mini rawani. In ƙara itace a wuta, in ƙara ɗaure zani. Yabo kaɗan ya ishe ni in yi aikin mutum biyar.

A shekarar da nake ba ku labari ina da ciki, na biyu, kuma ya fara nauyi. Sallar ta faɗo cikin zafin nan na Sakkwato da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ana saura 'yan kwanaki na je awo. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kaina na sarawa. Malamar asibiti ta auna jinina, ta sake aunawa, sannan ta dube ni.

"Jininki ya hau ƙwarai. Ki sha wanga magani, ki kwanta ki huta. Ba ke ba wuta, ba ke ba tsayuwa. In kin ji idonki na ganin duhu ki dawo nan take."

Na ce to. Ina fitowa na biya kasuwa na sayo kayan yaji.

Na dai gaya wa maigidana. Yana gyaran hularsa a gaban madubi na ce, "Malam, an ce jinina ya hau, an hana ni aikin wuta."

Ya ce, "Subhanallahi. Allah shi sawwaƙe." Sannan ya ƙara, "To amma ki hwaɗi ma Hajiya da kanki. Ni ban shiga sha'anin mata."

Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa, na gaishe ta, na yi mata bayani. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Dariya ta yi.

"Ke ɗiyag ga, mutanen asibiti in kin biye musu ko ruwa ba ki sha. Ni da cikin mijinki ina daka har ranad da ya zaka duniya. Ki daure, kwana nawa na? In an ƙare ki kwanta har wata Sallah."

Na tashi ina murmushi. Har na ji kunyar na kawo maganar.

Ranar Sallah ban je idi ba, ban saka sabon kayana ba. Tun da aka shigo da kayan ciki nake duƙe a bakin rijiya. Washegari aka sauke tareni, aka sassara, aka tara mini nama a manyan robobi, na ɗora kaskon suya. Baƙi na shiga na fita, ana barka da Sallah, yara na yawo da ƙamshin turare, ni ina tsakanin murhu biyu, gumi na shiga mini ido. Duk wadda ta wuce sai ta ce, "Sannu da aiki," ta ɗauki tsoka ɗaya ta tafi. Maganina yana ɗaki, na yi ta cewa bari in kwashe wannan zubin in je in sha.

Wajen azahar na fara ganin wasu 'yan ƙyalƙyali a idona. Na ce hayaƙi ne. Sai hirar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya nake jin ta. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne ina ƙoƙarin janye kaskon daga wuta don kada naman ya ƙone. Ku ji fa, naman.

Na farka a gadon asibiti, harshena a kumbure, na tattaune shi. An ce jijjiga na yi, Allah ya taimaka gefe na faɗi, ba cikin mai ba. Mahaifiyata na zaune kusa da ni, an je ƙauye an ɗauko ta. Na kai hannu cikina, na ji ɗinki da bandeji.

Na ce, "Inna, ina yaron?"

Ta riƙe hannuna ta ce, "Namiji na. Bai zo da rai ba. An kai shi tun jiya. Ki yi haƙuri."

Ban gan shi ba. Har yau ban san kamanninsa ba. Inna ce kawai ta ce mini yana da gashi da yawa.

Mutanen gida sun zo dubiya, kowa cikin kayan Sallah. Duk abu ɗaya suke faɗi, haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da wannan, ni musulma ce, kuma na san abin da bai zama nawa ba ba zai zama ba. Amma da ƙanwar maigidana ta zauna a bakin gado, sai bakina ya suɓuce na tambaye ta abin da ya fi komai zama wauta. Na ce, "Ya aka yi da sauran naman?"

Ta ce, "Kada ki damu, Yaya. Hajiya ta aika anka kira wasu mata biyu masu aikatau. Kahin magariba sun ƙare komi, har wanke-wanke."

Na juya fuskata bango.

Wannan maganar ce ta fi zauna mini, fiye da ɗinkin. Ashe akwai mata biyu. Ashe aike ɗaya ne. Duk shekarun da na yi ina jin idan na zauna Sallar gidan za ta rushe, ashe ba abin da zai rushe. Baƙi sun ci, an raba wa maƙwabta, an cika garewani da soyayyen nama. Ba a fasa komai ba.

Da aka sallame ni Inna ta ce da ni za ta tafi. Hajiya ta ce ai a gida ma za a kula da ni. Inna mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga wa surukai murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Na gani, Hajiya. An kula." Ta ɗauki jakata.

Na yi watanni a ƙauye. Na koma ɗakina daga baya, bayan maigidana ya nema mana gida a unguwar Gidan Igwai. Mutum ne mai kirki, ba ya zagi, ba ya hana ni komai. Amma bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa nema ba. Hajiya ta rasu, na yafe mata, ina yi mata addu'a. Ita ma haka aka yi mata, ta ɗauka haka ake zama mace.

Yanzu idan Sallah ta matso nakan faɗi abin da zan iya tun da wuri, in tsaya a kansa. Ina shan maganina a kan lokaci. Idan na gaji in shiga ɗaki in rufe ƙofa, ko waye ya yi sallama. An ce na canza, an ce na koyi son jiki. Ba na musu.

'Yan'uwana mata, ba wa'azi nake yi ba, ba ni da wannan ilmin. Kawai idan jikinki ya ce ki zauna, ki zauna. Za a yi gunaguni, za a kira wata, nama zai soyu. Wanda zai ce miki sannu yana da yawa, wanda zai karɓi ludayin daga hannunki ne babu.

An ce mini zafin zai wuce, kuma ya ragu, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai har yanzu duk ranar Sallah, idan yara maza sa'anninsa suka shigo yawon barka da sabbin huluna, nakan ba su nama da alewa, sannan in tsaya ina auna tsawonsu da ido.