Sunan Kawu Ramalan a Shafi na Huɗu

Kawu Ramalan ƙanin mahaifiyata ne, kuma ma'auni ne a kasuwar Kibiya tun ina rarrafe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hularsa kullum a karkace. In ya tsoma hannu a buhun wake ya murza ƙwaya biyu, zai gaya maka na bana ne ko na bara, har da irin ɗakin da aka ajiye shi. Boko kam ko bihim bai sani ba, ajami yake rubutawa da biron da yake sokewa a bakin hula. Abin da ya mallaka shi ne gona ɗaya a hanyar Rano da wani keke da ya girme ni.

Ni kuwa, Zulkifilu, ina digiri na biyu a wata babbar jami'a, irin wadda in ka ambaci sunanta a garinmu ake gyara zama. Bincikena a kan yadda ƙwaro ke cinye wake a ajiya ne. Farfesar da ke duba aikina mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Ta ce in sami manoma sittin a Kibiya da Madachi da Dawaki, in je musu ƙafa da ƙafa, in ji daga bakinsu.

Damina ce, hanya duk taɓo, ni kuma kaina ya kumbura. Ni da takalmi sau-ciki zan bi ƙauyuka ina tambayar tsofaffi labarin ƙwaro? Sai na wuce rumfar Kawu da takardar tambayoyina.

"Kawu, ai ka san kowa. Ka zauna nan ka amsa min a madadinsu. Wa zai sani?"

Ya ajiye kwanon awo ya dube ni. "Kai ɗan nan! A bakin mutum sittin zan saka maganar da ba su faɗa ba? Karanto min tambayoyin dai in ji."

Na karanta, ya rubuta da ajami, na hau mota na koma Kano abina. Bayan mako biyar wani direba ya kawo min littattafai uku a ƙulle cikin leda. Ashe Kawu keke ya hau ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta matar da ke cuɗa wakenta da toka da barkono, ya rubuta tsohon da ke liƙe bakin tulu da laka, har waɗanda suka ƙi amsawa ya rubuta dalilinsu. A makonnin nan ne maimai ya wuce shi, ciyawa ta haye masa dawa, shekarar sai da suka sayi hatsi, shi da yake auna wa mutane. Da mahaifiyata ta gaya min, cewa na yi, "Allah sarki," na ci gaba da danna kwamfuta.

Aikin ya yi kyau, har lambar yabo na samu, aka kuma ɗauke ni koyarwa. A shafin godiya na gode wa Farfesa, na gode wa abokaina, har Sadiya mai shagon buga takardu sai da na ambata a layin ƙarshe. Kawu ne ban saka ba, kuma ba mantuwa ba ce. Tsoro nake kada a tambaye ni wane ne shi, me ya yi.

Ranar da na kai masa kwafi ɗaya, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya ce, "Ina fatan ka ɗan saka ni a wani lungu." Na buɗe shafi na huɗu, shafin godiyar, na ɗora yatsa a kan sunan Sadiya, na ce, "Ga ka nan, Kawu."

Bayan shekara uku, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'ar ta zaɓi aikina cikin waɗanda za ta nuna wa baƙi. Suka ce sai an je Kibiya ranar kasuwa an ga manoman. Na san in aka gano ban taɓa taka gidan ko mutum ɗaya ba, lambar da aikin koyarwar duk suna iya tafiya.

Mota biyu muka cika. Ana cikin gaisawa Farfesa ta tambayi wani dattijo daga Dawaki, Malam Badamasi, ko ya tuna zuwana gidansa. Ya ƙare min kallo ya ce, "Wannan? Ban taɓa ganinsa ba. Ramalan ne ya zo min, sau biyu ma, na biyun ruwa ya yi masa jagab." Na rasa inda zan sa fuskata.

Kawu ya yi wuf ya matso. "Ranki ya daɗe, ni ɗan aike ne. Shi ne kai, ni ne ƙafa. Ai bai ɓoye ni ba, ya saka sunana." Ya shiga rumfa ya fito da littafin a naɗe cikin ƙyalle, ya buɗe shafi na huɗu ba tare da lalube ba. Layin ƙarshe ya yi baƙi, takardar ta kusa hudewa saboda yawan ɗora yatsa. Shekara uku ke nan yana nuna wa duk wanda ya zo awo.

Farfesa ta karanta layin, ta dube ni ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Malam Ramalan, jami'a ta gode maka." A mota ta ce min, "Ka rubuta abin da ya faru da hannunka, ka kawo ofishina."

Na rubuta. An karɓe lambar, an ba ni takardar gargaɗi, aikin koyarwar dai ya tsira da ƙyar. Farfesa ta sa aka sake buga littafin da sunan Kawu kusa da nawa a bango. Na kai masa sabon da niyyar in faɗa masa gaskiya, na tsuguna a rumfar, amma littafin kawai na miƙa masa. Ya juya shi, ya yaba bangon, ya miƙo min.

"Riƙe wannan, ɗan nan, ai ina da nawa. A wancan na san inda sunana yake."